Shafin da Ya Ɓace

A gefen Taminus, inda 'yan gwanjo ke baza riguna,
Baba Dalyop na da tabarma guda da duwatsu huɗu
don kada iska ta kwashe masa jari.
Littattafan zane ne, sun sha hannu,
wasu ba bango, wasu ɓera ya riga mu karantawa.

Naira biyar haya, kwana biyu.
Ni in kawo uku, Chollom ya cika,
mu haye dutsen bayan gidansu a Tudun Wada
muna hura tafin hannu don sanyi,
kai biyu a kan shafi ɗaya.

Turancin ya fi ƙarfinmu a lokacin.
Ba komai, zanen ya yi mana tafinta.
Ga mutum da jan mayafi tsaye a bakin bene,
birni a ƙarƙashinsa kamar an zubar da ashana.
Mai zanen bai ce tsoro yake ji ba,
sai ya murɗe masa yatsu a jikin ƙarfe,
ya zuba baƙar tawada a rabin fuska.
Mu dai mun gane.

Chollom ne ya fara lura da farin layi,
siririn filin da ke tsakanin wannan akwati da wancan.
A nan an ɗaga hannu. A can mugu na kwance.
Ya ce, "To, ina naushin?"
Muka duba, muka sake dubawa. Babu.
Ashe mu muka kai shi, cikin kawunanmu;
mai zanen ya bar mana aikin ya tafi shan shayi.

Na kai ido kusa har hanci ya taɓa takarda,
sai ga sararin sama ɗigo-ɗigo,
kamar an watsa acca a faifai.
Na ja da baya, ya koma sama.

Ranar da gada ta karye,
motar 'yan makaranta na reto a kan ruwa,
jarumin ya riƙe ta da hannu ɗaya, jijiya ta tashi,
muka juya shafi.
Ba shafi. Sai haƙoran inda aka yage.
Baba Dalyop ya ɗaga kafaɗa: "Haka na saye shi."

Chollom bai yi barci ba.
Ya cire tsakiyar littafin lissafi,
ya ɗauke jan biron yayarsa ba da sallama ba,
ya zana sauran. Ya ceci yaran kaf,
amma bai tsaya nan ba.
A akwatin ƙarshe ga jarumin zaune a kan Dutsen Shere,
ya tuɓe takalmi, yana ɗinke mayafinsa,
harshe a waje, don bai iya riƙon allura ba.

Damina ta wuce. Na sayi ƙosai a Farin Gada,
ina tsakiyar ci na hango jan mayafi ƙarƙashin mai.
Shafin ne! Yaji ya cinye rabin gadar.
Na ruga Tudun Wada ko hannu ban goge ba,
muka shimfiɗa shi a kan dutse.
Ya ɗaga motar, an yi tafi, ya tashi sama. Shi ke nan.
Zane ne mai kyau, wallahi, ko maiƙon bai rage shi ba.
Chollom ya daɗe yana kallo, sannan ya ce,
"Dubi yadda ya yi gwiwar nan. Ni ban iya gwiwa ba."

Yau yana zana zakuna a bayan manyan motoci
can hanyar Bauchi, gwiwoyinsu daram.
Ni kuwa shafukan biyu na cikin akwatina,
mai maiƙo da mai biro.
In 'yata Ramlatu ta ce wanne ne na gaskiya,
sai in miƙa mata duka biyun,
in ce ta jera su a tabarma,
ta bar ɗan fili a tsakani.