Inda Wuta Ke Kwana

Damina tara tana tsaye bayan gidanmu a Gangare,
Fijon Baba Cindo, ƙarƙashin bishiyar fiya.
Tayoyi sun zauna, kaji sun mai da kujerar baya akurki.
Shekarar da Dilimi ya cika ya shigo unguwa,
a cikinta ya kwana,
ya tafi ya bar mata zanen laka a ƙofa
kamar yadda ake auna tsayin yaro a bango.

Ran Asabar na ɗaga bonet.
Davou mai rewaya ya zo daga Farin Gada,
kayan aikinsa a tsohon buhun shinkafa.
Ya ce, "Kar ka taɓa makulli tukuna.
Ba tsufa ne ya kwantar da ita ba,
ruwa ne ya shiga inda wuta ke kwana."

Ya ɓalle murfin dalko.
Ciki kore shar, irin koren da ke cin tsohon kwabo.
Rota ta daskare,
kontak ya haɗe baki kamar mai gaba da mutane,
ga gawar gyare a lungu, ƙafafu sama,
shi ma ruwan ya ritsa da shi.

Muka zuba fetur a gwangwanin madara.
Ni da burushin haƙorin da na daina amfani da shi,
shi da samfefa, a hankali, a hankali,
yana goge tsatsa kamar mai yi wa jariri aski.
Ranar Jos ta leƙo, ta koma.
Sai muka ari kaskon gawayin Inna,
muka jera fulogi huɗu a faranti suna jin ɗumi,
kai ka ce gyaɗa za mu soya.

Kwayil kam ta tafi ke nan.
Na girgiza ta a kunne, na ji ruwa yana amsawa.
Kwana biyu ina zagaya rumfunan 'yan gwangwan,
kowa na cewa, "Irin wannan? Sai dai ka tambayi kakanka."
Na same ta wurin Jatau, cikin kwandon kusoshi,
ya caje ni kuɗin ta da kuɗin ƙurarta.

Wayoyin ne suka ruɗe mu.
Wace ke zuwa ina?
Na buɗe aljihun gaban mota neman tsumma,
sai ga kwalin ashana, ya jiƙe ya bushe ya kumbura,
a bayansa rubutun Baba, da biro mai yoyo:
ɗaya, uku, huɗu, biyu.
Na daɗe ina kallon yadda yake lanƙwasa ukunsa.
Davou bai ce komai ba,
ya zaro reza ya auna tazarar kontak,
ya sake aunawa, ko da yake ta yi daidai.

Gab da magariba ya ce in riƙe fulogi jikin inji.
Ya murɗa.
Shiru.
Ya murɗa.
Wani abu ya harbe ni daga yatsa har haƙori,
na yi tsalle, na taka farantin Inna,
amma na gani, wallahi na gani:
shuɗin tartsatsi, bai kai ƙwayar acca ba.

Muka mayar, muka ɗaure, muka ɗiga mata fetur a maƙogwaro.
Ta yi tari. Ta yi kaki. Ta tofar da baƙin hayaƙi
da gashin kaza ta salansa.
Sannan ta kama,
da wannan gurnanin nata mai ɗingishi
da duk layinmu ya sani tun ina goye.

Ba ta yi minti ɗaya ba ta mutu.
Davou ya ce saura kafireta, saura tanki, saura da yawa.

Da na shiga gida wanke hannu,
na tarar Inna ta ɗora ruwan shayi,
ta ciro kofin nan mai tsagaggen baki
da ba wanda ya sha da shi shekara tara,
tana tsaye, tana kallon sa a hannunta.