Ƙullin Igiya

Igiyar gugan gidanmu a Dukku
gaba goma sha biyu ce ran da aka yi sunana.
Kawu Hammayo ya tufka ta da rama,
ya ce za ta kai jikoki.

Jiya na ƙirga ƙulli bakwai a jikinta.
Duk shekarar da ruwa ya ja da baya sai mu bi shi:
mu ƙara da tsohon rawani,
mu ƙara da igiyar akuyar da aka sayar.
Guga yana sauka kamar mai bin bashi,
ya daɗe yana sallama,
ya dawo da rabi laka, rabi haƙuri.

Ba zan ɗora wa baƙo duka ba.
Ɗorawar bakin gonarmu, ni na riƙe mata gatari.
Buhu tara ta bayar na gawayi,
babbar mota ta tsaya a bakin titi ta kwashe,
na biya kuɗin makarantar Dudu,
na sayi magani, na sayi gishiri.
Tun ranar, in na huta a gona,
inuwar fartanya nake nema.

Dudun ce ta dawo daga Gombe da littafi,
ta ce, Baffa, hayaƙi ba ya mutuwa.
Na masana'anta, na jirgi, na injin wuta,
na dajin da aka ƙona,
sama yake hawa ya taru, ya yi bargo,
ya lulluɓe duniya da tsakar bazara.
Na ce, ni da ko babur ban mallaka ba?
Ta ce iska ba ta san kan iyaka ba,
waɗanda suka fi hura wutar suna can nesa,
cikin ɗakuna masu sanyi.
Na ce to, kura da shan bugu ke nan,
gardi da karɓar kuɗi.
Ta kalli kututturen ɗorawa, ba ta ce komai ba.
Ni ma ban ƙara ba.

Bana shamuwa ta zo a kan lokacinta,
ta sauka a rimin bayan masallaci,
ta yi sati uku tana duban gabas.
Mun mai da ita maƙaryaciya,
ita da ba ta taɓa saɓa alkawari ba.
Sau biyu na binne iri,
sau biyu ƙasa ta soya shi kamar gyaɗa.
Dare ya ƙi hucewa,
jarirai na kuka da ƙuraje a wuya,
kaji na faɗuwa baki buɗe a gindin rumbu.
Jauro Sambo ya kaɗa shanunsa kudu tun kafin lokaci,
bai tsaya sallama ba.

Da ruwan ya tashi zuwa kuma,
na wata guda ya zubo a dare ɗaya.
Ya ci katangar Goggo Yelwa,
ya yanka gonata biyu, ya bar kwari a tsakiya,
ya wuce da gudu kamar ɓarawo,
bai leƙa rijiya ba.

Ran kasuwa na sayo guntun igiya,
gaba ɗaya da rabi, don ƙulli na takwas.
Da na dawo na tarar da Dudu a tsugune,
ta dasa 'yar ɗorawa kusa da kututture,
ganye huɗu, ko tsawon yatsa ba ta kai ba,
tana ba ta ragowar ruwan alwala,
awaki na zagaye suna jira.

Na daɗe a tsaye da igiyar a hannu.
Sai na sari ƙaya, na kewaye shukar,
na ɗaure shingen da ita tamau.

Gobe da asuba guga zai sauka.
Ban sani ba ko zai kai.