Ƙasa, Ita

A Mai Wurno, bayan la'asar,
Mahasin ta dawo daga Sinja da kalma a bakinta.
A gidan biki ta tsinto ta,
inda amarya ta sauya lulluɓi sau biyar,
aka banka turaren wuta har bango ya yi tari.
"Abbaha," in ji ta. "Kaka, da Hausa fa?"

Tabawa tana tsintar riɗi a faifai.
Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ƙasaita."

"Daga ina ta zo?"

"Da ƙafa ta zo,
a bakin uwata, bayan wani gurgun jaki.
Damina bakwai tsakanin Haɗeja da wannan kogi.
Sun yi ƙodago a Wadai don guzuri,
sun binne biyu a Fashir,
sun sayar da tasa, sun sayar da munduwa,
ita ba wanda ya taya.

Raba ta biyu ki ji: ƙasa, ita.
Malam Ɗanjuma ya ce ba nan asalinta yake ba.
Na ce ya riƙe littafinsa,
ni abin da kunne ya ba ni nake faɗa.

Na ga mai riga uku a rana ɗaya,
na ga mai motar da ake share wa hanya,
ƙasa ta karɓe su, ko gyatsa ba ta yi ba.
Da ruwa ya sauka
sai ta miƙo dawa ta fi mutum tsawo,
ba ta aika maroƙi ya sanar ba."

Ina bakin zaure ina gyaran koma,
na bar allurar ta huta.

Yarinyar ta durƙusa, ta share yashi da tafi,
ta rubuta kalmar daga dama zuwa hagu
da baƙaƙen makarantarsu,
sannan ta karanta da harshen nan gari:
"Gasaita."

Tabawa ta yi dariya har riɗi ya zube.
"Wannan ta gidan bikinku ce, gasa ita.
Tamu daga maƙogwaro take tashi,
wurin da ƙishi yake kwana.
Sake faɗa."

Ta sake. Ta kusa.
Kaji suka taru a kan riɗin,
suka tattake rubutun,
kogi kuma yana wucewa bayan gida
bai ce da kowa ga ni ba.