Taro Mai Auduga

Baffa Gidado ya bar mana gida ɗaya a Bolari,
da keke marar sarƙa,
da gwangwanin madara mai nauyin jinjiri.
Bayan sadakar bakwai muka zazzage shi a tabarma:
anini, ɗari, kwabo mai huji,
sisi, sule, fataka,
tarin da ko ƙosai ɗaya ba zai saya ba
yau a Tsohuwar Kasuwa.

Na san su tun ban san ƙirga ba.
In an sallame isha'i yakan jawo fitila,
ya shimfiɗa farin ƙyalle,
ya bi su da toka da lemun tsami,
yana kiran kowanne kamar ɗan da ya raɗa wa suna.
"Wannan canjin tikiti ne, ran da na fara hawa jirgin ƙasa.
Wannan mai nono ta ƙi shi,
ta ce sarkin da ke jiki ya daɗe a kushewa.
Wannan kuwa,"
sai ya yi jim,
ya ɗaga taro mai kusurwa goma sha biyu,
da reshen auduga a bayansa,
"ladan wunina na farko a bakin sikeli.
Na kwana da yunwa don kar in rabu da shi."

Inna Dudu daga ɗaki:
"Ko kurege in ya ɓoye gyaɗa, don ci ne."
Shi dai murmushi, da guga.

Sa'adu ƙanena mutumin lissafi ne.
"Yaya, wannan jari ne," in ji shi,
"tsohon kuɗi kamar fili yake,
yana kwance yana ƙiba."
Ya kawo wani Alhaji Maigoro
mai madubi a ido guda,
ya tsuguna yana tura su da farce
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

"Wa ya goge waɗannan?
Ai ya kashe su.
Toka ta cinye musu fuska.
Mu duhun shekaru muke saye, shi ne shaida."
Sai ya zura yatsa can ƙasan tarin
ya zaro baƙaƙe uku
da Baffa bai taɓa ba mu labarinsu ba,
watakila ma bai san daga ina suka zo ba,
ya ƙirgo mana kuɗin kwano bandir biyu.

Mun sayar. Ba zan ɓoye ba.
Ɗakin Inna Dudu bai yi yoyo ba bana,
kuma Sa'adu bai yi ƙarya ba.

Taron nan kuwa gefe ya ture shi.
"Bai kai ruwan leda ba."
Na ɗauka, na juya.
Audugar ta kusa ɓacewa,
babban yatsa ya lashe ta shekara hamsin.
Ashe so ne ya karya masa farashi.
Waɗanda aka manta su suka yi tsada,
wanda aka riƙa ya tashi a tutar babu,
sai dai ɗumin hannun da har yanzu
nake zaton ina ji a jikinsa.

Yana aljihuna tare da makullai.
Ran nan Asabe, ɗiyata, ta gan shi:
"Abba, me ake saya da wannan?"
Na ce, "Zauna."
Ya saya mana dare guda,
da Gombe ta zamanin amalanke,
da kakan da ba ta tarar ba.

Yanzu ta samo nata gwangwani, na tumatir.
A ciki akwai naira ɗaya ta ƙarfe,
da kwabo hamsin da ta tono bayan rijiya,
da wani na Kamaru da direba ya ba ta.
Jiya ta zo neman toka da lemun tsami.
Na buɗe baki zan hana ta,
maganar Maigoro na kan harshena.

Sai na ɗauko wuƙa
na raba mata lemun biyu.