Gwangwanin Wake

Ran Litinin na tambayi 'yan ajina:
"Tuwon da kuka ci jiya, daga ina ya fito?"
Tasi'u ya ce daga tukunya.
Barira ta ce daga injin niƙan bakin kasuwa,
mai yin tari kafin ya tashi.
Aka kwashe da dariya, ni ma na dara,
amma alli ya yi mini nauyi a hannu.

'Ya'yan Auyo ne fa waɗannan,
iyayensu na fadama, laka har gwiwa,
su kuwa a wurinsu fartanya horo ce,
abin da ake miƙa wa wanda ya makara.

Na rufe littafi.
Gwangwanin tumatir arba'in da ɗaya,
na huda gindinsu da ƙusa,
ƙasa daga turken awakin maigadi,
wake ƙwaya uku-uku.
"Kowa ya rubuta sunansa. Amana ce."

Kwana uku shiru.
Nafi'u ya tone nasa sau biyu, ya ga ko yana nan.
Huwaila ta yi ta ɗura wa nata ruwa har ya ruɓe,
ta zo da hawaye neman wani.
Na ba ta, ban ce uffan ba,
ƙasa ta riga ni yi mata bayani.

Ran Juma'a sai ga shi,
wuya a lanƙwashe kamar mai ruku'u,
ɓawo a ka kamar hular aro.
Tasi'u, da ba ya zuwa sai an watse daga taro,
ya riga maigadi isa ƙofa.

Muka mai da su bayan aji.
Akuya ta ci tara.
Baba Ilu ya tuge ɗaya, ya kaɗe saiwa,
ya nuna musu 'yan ƙuraje a jikinta:
"Da waɗannan yake biyan ƙasa ladanta,
shi ya sa muke ba shi masauki a tsakanin gero."
Ni na san sunansu a takarda,
shi ya san halinsu.

Da muka roro, bai cika mudu ba.
Aka dafa da manja da gishiri,
kowa cokali biyu a tafin hannu.
Ƙwaya ɗaya ta suɓuce wa Barira.
Ta durƙusa, ta tsince ta a cikin rairayi,
ta hure, ta jefa a baki.
Ta ga ina kallonta.
"Malam," ta ce, "wata biyu da rabi fa."