Littafin Bashi

Da kuɗin sallama na kama shago,
ɗaki guda a Ƙofar Durɓi, bakinsa na kallon kwata.
Mai gida ya karɓi hayar shekara biyu a dunƙule,
kafinta ya ci nasa, mai fenti ya ci nasa.
Kafin in ɗora ƙwayar ashana bisa kanta
rabin jarin ya yi mini sallama.

Ranar farko mutum uku suka shigo.
Biyu sun zo Allah sanya alheri,
na ukun canjin dubu yake nema.

Na koyi zuwa sari da ƙafa
don kuɗin mashin ya zama sabulu biyu.
Na koyi cewa kwalin taliyar da na saro Litinin
ran Alhamis ya ƙara ɗari bakwai,
abin da na kira riba jiya
yau ba ya maido da kayan da suka fita.

Sai littafin nan mai shuɗin bango.
Shafin farko, Rabe mai faci, sukari gwangwani biyu.
Na biyu, Inna Ladidi, man gyaɗa, sai ɗanta ya turo.
Daga na shida zuwa na tara Masa'udu ne, ƙanen matata.
Shi ko "rubuta" ba ya cewa,
ya ɗauka, ya yi murmushi, ya tambayi lafiyar yara.
Shekara ashirin da bakwai ina bin kuskuren ɗalibai da jan biro,
ga ni na kasa jan layi ɗaya
ƙarƙashin sunan suruki.

Na ci bashin firiza saboda bazara,
aka ɗauke wuta kwana huɗu.
Zoɓo ya yi tsami, ƙanƙara ta koma inda ta fito,
janareta ya shanye ribar mako kafin la'asar.
Mai haraji ya zo da rasiti,
bayansa wani ya zo da wani rasitin.
Wani saurayi ya haska mini waya, "Baba, ga shi, sun fita."
Har yau suna hanya.

Hajo ce ta zaunar da ni bayan isha'i
ta jera gwangwanin madara uku a kan tabarma:
wannan na sari, wannan na haya, wannan na cefane.
"Malam, shago ba aljihunka ba ne.
Kai ma yaronsa ne, yanka wa kanka albashi.
Masa'udu kuwa, ƙanena ne ni,
ba ƙanen jari ba."

Da ya dawo neman shinkafa
na buɗe masa shafi na tara, na miƙa biro.
Ya duba, ya duba ni, ya fita.
Wata biyu ke nan gaisuwarmu daga nesa.

Rabe ya biya ran Juma'a, da kuɗi masu warin roba.
Na soke sunansa a hankali,
irin yadda nake ba yaro maki cikakke.

Daren nan na ƙirga sau biyu.
Bayan kowane gwangwani ya karɓi nasa
saura dubu ɗaya da ɗari uku,
har da wata yagaggiyar ɗari biyu
da na san ba mai karɓa.
Na liƙe ta da salatif, na sa kwaɗo biyu a ƙofa.
Gobe omo ya ƙare, kuma mai burodi na zuwa da asuba.