Ramin Mantau

Bayan Ƙanƙara, inda mota ke gajiya ta bar wa jaki,
akwai ramin da ya cinye ƙuruciyar kakana Mantau.
Yau koren ruwa ne a gindinsa, kwaɗi ke gadi.

Bangon ramin bai ɓoye komai ba:
jar marmara a sama, mai huji kamar saƙar zuma,
sai tsakuwa, sai farar ƙasa
wadda Tabawa ke ɗiba ta shafe ɗaki kafin salla.
Can ƙasa, farar jijiya ta ratsa dutse
kamar tabon wuƙa.

Kuza fa? Ya ce ba ta ƙyalli.
Mai ƙyallin nan ɓawon banza ne, farce ma ɓare shi yake.
Ita baƙa ce, ga nauyi, ga kunya:
ka juya ƙwarya, yashi ya bi ruwa,
ita ta zauna.

Jiya na gwada da kwanon tuwo.
Abin da ya zauna bai cika cokali ba.
Na ƙulle a leda, na je kan kabarinsa,
na rasa ta cewa,
na dawo da abina a aljihu.